Yadda Ake Ratsa Hamadar Tudun Altifilano a Ga Namun Dajinta a Dawo Lafiya

Da an ce hamada, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne zafi da rairayi. Wadda zan yi bayani a kanta tana can sama ne, a kudu maso yammacin Bolibiya, kan tudun Altifilano da ke tsakiyar tsaunukan Andis. In ka cire tudun Tibet, babu tudu mai tsawo da ya kai shi faɗi a duniya. Yankin da aka fi zuwa kallon dabbobi shi ne gandun Eduardo Avaroa, wanda aka kafa a 1973. Faɗinsa ya haura hekta 700,000, kuma kusan ko'ina a cikinsa ya wuce mita 4,000 daga saman teku. Da rana fatarka ta ƙone, da dare ruwan gorarka ya daskare. Na sha ratsa wurin, kuma duk matsalar da na gani ta taso, in ka bi diddigi, gaggawa ce ta haife ta: ko jikin mutum ya gaza tun bai isa ba, ko ya isa ya kori dabbobin da ya zo gani.

Kayan da za ka tanada

Fara da tufafi. Kada ka dogara da riga ɗaya mai kauri. Riguna uku ake jerawa: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba (auduga in ta sha gumi sai ta koma ƙanƙara a jikinka), ta tsakiya ta ulu, sai ta waje mai tare iska. Ka haɗa da hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa ta ulu kamar ƙafa huɗu, da takalmi mai kauri wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi a nan azaba ne. Jakar barcinka ta zama wadda aka yi don sanyin digiri 15 ƙasa da sifili. In ba ka da ita, ana bayar da haya a garin Uyuni, sai dai ka buɗe ka duba zif ɗinta kafin ka karɓa.

Sai kayan rana: baƙin tabarau na gaske mai tare hasken da ke ƙona ido, man kare fata, man leɓe, da malafa. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, ni shaida ne. Ƙarfin wannan haske yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000 da ka hau, ga farin gishiri yana maido maka da shi daga ƙasa.

Na kallo kuwa, madubin hangen nesa mai ninka abu sau 8 ko 10 ya wadatar. Wanda ya fi haka rawa yake yi a hannu, musamman kana haki. Ɗauki ƙaramin littafi da fensir, don biro kan ƙi rubutu a sanyi. Kyamara da batir biyu ko uku, tocila ta goshi, da taswirar da ka sauke a waya tun kana gari, domin babu sabis a ciki.

A mota: safaya biyu, jak da faffaɗan katakon ɗora shi, famfon taya, shebur, igiyar ja, jarkokin mai, ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a kowace rana da ƙarin na kwana biyu, murhun gas, tukunyar matsi, akwatin magani, da tulun iskar oksijin in ya samu. Ka riƙe tsabar kuɗin ƙasar, wato bolibiyano, saboda kuɗin shiga gandu da na masauki hannu da hannu ake biya.

1. Ga likita tun kafin ka sayi tikiti

Ka gaya masa tsawon da za ka hau da lambobi, ba "tsauni" kawai ba. Mai ciwon zuciya, mai ciwon huhu, da mai juna biyu duk suna bukatar shawara ta musamman. Mai cutar sikila bai kamata ya yi wannan tafiyar ba sam. Wanda jininsa AS ne ma ya faɗa wa likita, domin ƙarancin iska a tudu yana iya taɓa saifarsa, kuma ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki shi ne alamar. Tambaye shi batun maganin asetazolamaid, wanda ke taimaka wa jiki ya saba da tudu. Yana sa yawan fitsari da ɗan tsikari a yatsu, kada hakan ya firgita ka. Amma likita ne zai rubuta maka, ba abokin tafiya ba.

2. Zaɓi wata

Ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, don haka Yuni da Yuli ne tsananin sanyi, dare kan kai digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili. Daga Disamba zuwa Maris damina ce, ruwa kan kwanta a kan filin gishirin Uyuni ya zama kamar madubi. Hoto yana kyau, hanya kuma tana lalacewa. Ni Oktoba zuwa Nuwamba na fi so: ƙasa a bushe, sanyi ya sassauta, tsuntsaye sun fara cika tafkuna. Afrilu da Mayu ma ba laifi.

3. Hau a hankali

Nan ne yawancin baƙi ke kuskure. Oksijin da ke cikin iska kashi 21 ne cikin ɗari a sama da ƙasa, amma a mita 4,000 nauyin iskar ya ragu zuwa kusan kashi 60 na abin da yake a bakin teku, saboda haka kowane numfashi kaɗan yake shigar maka. Jiki yana iya sabawa, kwanaki kawai yake nema. Ƙa'idar da likitocin tudu ke bayarwa ita ce: da ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu ka huta kwana guda a inda kake. Lura, wurin kwana ake lissafawa. Kana iya hawa sama da rana ka sauko ka kwana.

Garuruwa uku ne ƙofofin shiga yankin. San Pedro de Atacama da ke ƙasar Chile yana kan mita 2,400, kuma daga can cikin safiya ɗaya mota za ta kai ka sama da mita 4,000. Ita ce mafi kusa, ita ce kuma ta fi kayar da mutane. Uyuni yana kusa da mita 3,700, in ka kwana biyu ko uku a can kafin ka shiga ka rage wa kanka wahala. Tupiza bai kai mita 3,000 ba, tafiyar daga can takan ɗauki kwana huɗu, motoci kuma ba su da yawa a hanyar. Wanda ke da lokaci ya fara da birnin Sucre, mai mita 2,800, ya yi kwana biyu, sannan ya haura. Sannu ba ta hana zuwa.

A kwanakin farko ka ci abinci marar nauyi, ka sha ruwa har fitsarinka ya yi haske, ka bar giya da maganin barci. Za a miƙo maka shayin ganyen koka, al'adar mutanen wurin ce, amma kada ka ɗauke shi a matsayin rigakafi, kada kuma ka saka ganyen a jaka ka ƙetare iyaka da shi, domin a yawancin ƙasashe laifi ne babba.

4. Zaɓi direba kafin ka zaɓi mota

Zuwanka na farko kada ka tuƙa da kanka. Babu kwalta, babu alamar hanya, sawun tayoyi ne kawai suka watsu a fili kamar jijiyoyin ganye. Nemi mota mai jan ƙafa huɗu da direban da ya shekara yana bin hanyar. Kafin ka biya, je ka ga motar da idonka: tayoyi, safaya, bel ɗin kujera, da ko lagireto na da ruwan hana daskarewa. Ka tambaya ƙarara mutum nawa za a ɗauka. Sannan ka gaya masa tun a gari cewa dabbobi ka zo kallo, za ka riƙa tsayawa ka daɗe. In ba ka yi wannan ba, zai bi jadawalin da ya saba, minti goma a kowane tafki, a ɗauki hoto a wuce. In da hali ku haɗu ku huɗu masu buri ɗaya ku ɗauki motar gaba ɗaya.

Injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 10 na ƙarfinsa a duk mita 1,000, don haka in ka ji mota tana nishi a hawa, ba lalacewa ta yi ba. Gogaggen direba da yamma yakan juya hancin mota gabas don ranar safe ta fara dukan injin, wani har bargo yake lulluɓa masa. In ba ku da wayar tauraron ɗan'adam, ku yi tafiya mota biyu, ku bar wa wani a gari hanyar da za ku bi da ranar fitowa, ku kuma rubuta sunayenku a ofishin masu gadin gandu.

5. Koyi gane ciwon tudu

Mutanen wurin suna kiransa soroche. Yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Wannan mataki ba abin tsoro ba ne: ka tsaya a inda kake, kada ka ƙara hawa sai ya wuce. Abin tsoro biyu ne. Na farko ruwa a huhu: mutum yana haki ko yana zaune, ga tari, ga leɓe ya canja launi. Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa: magana ta rikice, tafiya kamar ta mashayi. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ja layi a ƙasa, ka ce ya taka a kai, dunduniya na taɓa yatsu. In ya kasa, ku sauka da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi. Oksijin na tulu lokaci kawai yake saya muku, ba ya maye gurbin sauka.

Wani abokin tafiyata ya taɓa ɓoye mana ciwon kansa yini guda, wai kada ya ɓata wa mutane tafiya. Ƙarfe biyun dare na farka na same shi zaune a bakin gado yana ƙoƙarin ɗaura igiyar takalmi, ya kasa. Haka muka tashi direba muka gangara cikin duhu. Ya warke, amma tun daga ranar duk dare sai na bi kowa ɗaya bayan ɗaya na tambaye shi kansa, na kalli idonsa yana ba ni amsa. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan ciwo. Majiya ƙarfin ma su ne suka fi saurin hawa.

6. Kwana da girki

Akwai ƙananan masaukai kusa da tafkin Laguna Colorada da wasu ƙauyuka, ɗakuna ne marasa ɗumi, gadaje a jere. Sun fi tanti. In tantin za ka kafa, ka gama kafin la'asar, domin lokacin iska ke tasowa, kuma ka danne igiyoyinsa da duwatsu. Kada ka kuskura ka kunna murhu a cikin rufaffen tanti ko mota. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, alamunsa kuma iri ɗaya ne da na ciwon tudu.

A mita 4,000 ruwa yana tafasa a wajen digiri 87, shi ya sa shinkafa ke daɗewa ba ta nuna ba. In babu tukunyar matsi, ka tsaya ga abin da ke dahuwa da wuri. Kafin ka kwanta, cika gora da ruwan zafi, sa ta cikin safa, tura ta ƙasan jakar barci. Ta ɗumama ƙafarka, da safe kuma ka sami ruwan da bai daskare ba. Batura da waya su ma su kwana a jikinka.

7. Kallon dabbobi

Dokar farko: nemi ruwa. A wannan fako rai yana taruwa ne a bakin tafkuna da kuma wasu korayen fadamu da ake kira bofedal, inda ruwan ƙanƙara ke tsattsafowa. Ka isa da sanyin safiya, rana a bayanka, iska na kaɗowa daga dabbar zuwa gare ka.

Bikunya ita za ka fara gani. Dangin raƙumi ce, ba ta da tozo, siririya, bayanta ruwan ƙasa-ƙasa, cikinta fari. Gashinta na cikin mafi laushi a duniya, kuma saboda shi aka yi ta kashe ta har ta kusa ƙarewa a shekarun 1960, sai da Peru da Bolibiya suka ƙulla yarjejeniyar kare ta a 1969 sannan ta farfaɗo. Suna yawo iyali-iyali: namiji ɗaya, mata kaɗan da 'ya'yansu. Duba da kyau za ka ga ɗaya ya ware gefe a kan ɗan tudu, kansa a sama. Shi ne maigidan, kifi na ganinka mai jar koma. In ya yi wani siririn fito, an gama, duk za su zura. Don haka kada ka nufe su kai tsaye. Yi tafiya a karkace kamar wani wuri za ka, taku goma ka tsaya, sannan ka zauna. Mutum a zaune bai cika ba su tsoro ba. Na taɓa zama a jikin wani dutse kusan rabin awa, yatsuna sun sandare, har wata uwa da ɗanta suka matso ina jin ƙarar tsinke ciyawarsu. Ɗan ya tsaya yana kallona, iska na kaɗa gashin ƙirjinsa, uwar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wata dabara: bikunya wuri ɗaya suke kashi, ya taru ya yi baƙin tsibi. In ka ga sabon tsibi, iyalin ba su yi nisa ba.

Ma'aunin kusanci ɗaya ne ga kowace dabba. In ta bar cin abinci ta zuba maka ido, ka matso da yawa, ja baya.

Sai filamingo, tsuntsun nan mai dogon wuya da dogayen ƙafafu. Laguna Colorada, da ke kusan mita 4,300 daga saman teku, ita ce matattararsu. Ruwan ja ne saboda wasu ƙananan tsirran ruwa, da fararen tsibirai na boras, wani nau'in gishiri, a tsakiya, zurfinsa kuma bai kai mita ɗaya ba a yawancin wurare. Iri uku ne a nan, kuma ƙafa za ka duba ka rarrabe su. Na Andis, wanda ya fi girma, ƙafarsa rawaya ce. Na Chile ƙafarsa toka-toka ce da jan gwiwa. Na James ƙarami ne, ƙafarsa ja, bakinsa rawaya mai ɗan baƙi a tsini. Wannan na ukun an ɗauka ya ƙare a duniya, sai a shekarun 1950 aka sake gano shi. Sa madubi ka kalli yadda suke ci: kai a kife cikin ruwa, baki na tace laka. Kada ka taka laka ta bakin tafki, kada ka tafa hannu don su tashi ka ɗauki hoto, kada ka tayar da jirgi marar matuƙi a kansu. Ƙwai ɗaya tsuntsuwar ke sakawa a kan ɗan tsibin laka, in ta tashi a firgice sanyi ko wani tsuntsu ya gama da shi.

A duwatsun hamadar Siloli, wajen dutsen nan mai siffar bishiya da ake kira Árbol de Piedra, nemi biskaca. Kamar zomo take, sai dai da doguwar wutsiya mai nannaɗewa. Da hantsi takan hau dutse ta lumshe ido tana shan rana kamar tsoho a ƙofar gida. Launinta ya saje da dutsen, sai ka kafa ido wuri ɗaya kafin ka gane ta. Wasu an saba musu da biskit har suna zuwa hannu, haka ma kulfeyo, wani dangin dila mai jan gashi da ke zagaya motoci. Kada ka ba su komai. Dabbar da ta koyi roƙo a bakin hanya ƙarshenta ƙarƙashin taya.

In ka yi sa'a za ka ga suri, mai kama da ƙaramar jimina, wanda namijin ne ke kwanci ya kuma yi renon 'ya'ya. Ka riƙa ɗaga kai kusa da tsaunuka ko kondo, babbar ungulun Andis, zai gifta. Damisar tsauni da ake kira puma tana nan, amma sawunta kawai na taɓa gani. In ba ka da madubin hangen nesa, kada ka ce za ka rama da matsawa kusa. Zauna cikin mota a kashe injin, dabbobin sun fi sakin jiki da mota a tsaye fiye da mutum a ƙafa.

8. Wuraren da ake taka-tsantsan

Sol de Mañana fili ne na tururi da tafasasshiyar laka a sama da mita 4,800. Da asuba ake zuwa, lokacin da tururin ya fi tashi. Ƙasar bakin ramukan ɓawo ce kawai, ka taka inda direba ya taka. Tafkin Laguna Verde, a gindin dutse mai aman wuta na Licancabur wanda ya haura mita 5,900, tana yin kore shar idan iska ta motsa ta, amma ruwan na ɗauke da gubar asenik. Kada ka sha, kada ka wanke fuska. Ruwan tafkunan nan gaba ɗaya ba na sha ba ne.

Za ka kuma ga wani koren abu dunƙule a jikin duwatsu kamar an shimfiɗa darduma. Sunansa yareta, tsiro ne mai tauri wanda ke ƙaruwa da kusan santimita ɗaya da rabi a shekara, wasu sun shekara dubbai. Kada ka hau kansa, kada ka ɓantara. Ka kuma hana direba buɗe sabuwar hanya a fili, sawun taya a nan yakan shekara da shekaru bai goge ba.

9. In mota ta tsaya, da kuma fita

Kada kowa ya bar mota ya ce zai taka ya nemo taimako. Iskar wurin garau take, dutsen da ka ɗauka tafiyar awa ɗaya ce yana iya cin yini. Ku sa duk tufafinku tun rana ba ta faɗi ba, ku shimfiɗa wani abu mai launi a kan rufin mota, ku jira a kan sawun da motoci ke bi. In taya ta nutse a yashi, a rage mata iska, a haƙe gabanta, a jera duwatsu, kuma a yi aikin bi da bi, don shebur goma a wannan tudu ya isa ya zaunar da ƙato.

Duk sharar da kuka shiga da ita ku fito da ita, har takardar bayan gida, domin sanyi da bushewa ba sa barin komai ya ruɓe. Ka adana takardar shiga gandu, ana duba ta a ƙofar fita. In kun bi ta filin gishirin Uyuni, wanda faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 10,000, a wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai daɗi ranar da kuka iso gari, kai ma ka goge takalminka da ƙafafun kyamara, don gishirin yana cin ƙarfe. A daren nan kuma, tun abin bai gushe maka ba, ka buɗe littafinka ka cike gurbin da sanyi ya hana ka rubutawa: wace dabba, guda nawa, a wane tafki, da ƙarfe nawa.